Zaɓen Akwatin Wuta Ga Mai Harhaɗa Kwamfutar Tebur Da Kuɗi Ƙalilan

1.0 Gabatarwa

Kwamfutar tebur, watau irin wadda ake girkewa a wuri ɗaya ba a yawo da ita, ba lalle ne a saye ta a haɗe daga kamfani ba. Mutum yana iya sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya kai wa mai gyara ya harhaɗa masa, ko kuwa ya harhaɗa da kansa in ya iya. Wannan hanya tana da amfani ga ɗalibai da malamai da masu shagunan buga takardu, domin kowa yana sayen abin da ƙarfinsa ya kai, iya kuɗinka iya shagalinka.

Sai dai kuma duk sa'ad da kuɗi suka gaza, akwai sashe ɗaya da aka saba yi wa ƙwauro, shi ne akwatin da ke ba kwamfutar wuta. Dalili kuwa a fili yake: ba ya ƙara wa na'ura sauri, ba ya ƙara mata wurin ajiya, kuma ba a ganin aikinsa a fuskar allo. Saboda haka sai mai saye ya zuba kuɗinsa a sauran sassa, ragowar canji kuma ya sayi akwatin wuta mafi araha da ya tarar, musamman in an rubuta masa wata babbar lamba a jikin kwali. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana aikin wannan akwati, ta nuna cewa waccan babbar lamba ba ita ce ma'aunin nagarta ba, sa'an nan ta kawo abubuwan da ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya duba kafin ya biya kuɗinsa.

2.0 Sunansa Da Aikinsa

Masu gyara da 'yan kasuwa suna ce da wannan sashe fawa-fak, suna ne da aka aro daga Turanci. A takardun kamfanoni kuwa haruffa uku ake rubutawa, PSU. A wannan maƙala za a kira shi akwatin wuta.

Kafin a shiga bayanin aikinsa, ya kamata a fayyace kalmomi uku na awon lantarki, watau bolt da amfiya da wat. In aka kwatanta wuta da ruwan famfo, bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya ita ce yawan ruwan da ke gudana cikin bututu, wat kuwa shi ne aikin da su biyun suke yi a haɗe. Ana samun wat ne in aka ninka bolt da amfiya. Alal misali, bolt 12 sau amfiya 10 ya ba da wat 120.

Wutar da ke zuwa gidaje a Nijeriya ƙa'idarta bolt 230 ne, kuma mai kai-da-komo ce, tana yin zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Sassan kwamfuta ba sa shan irin wannan wuta. Abin da suke buƙata shi ne wuta mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir, kuma ƙarama ƙwarai: bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3. Aikin akwatin wuta ke nan, ya karɓi wutar gida, ya juya ta, ya rage ta, ya tace ta, sa'an nan ya raba wa kowane sashe irin wadda ta dace da shi.

A shekarar 1995 kamfanin Intel ya fitar da wani tsari mai suna ATX, wanda ya ƙayyade girman akwatin da irin bakunan wayoyinsa da kuma ingancin wutar da zai fitar. Wannan tsari, tare da gyare-gyaren da aka yi masa, shi ne ya sa akwatin wani kamfani yake shiga kwamfutar da aka haɗa da kayan wani kamfanin. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, bai kamata wuta ta kauce wa lambarta da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, watau layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Haka kuma 'yar rawar da ke saura a cikin wutar bayan an tace ta kada ta wuce kashi 120 cikin 1000 na bolt ɗaya a wannan layi. Daɗin daɗawa, in wutar gida ta yi ƙifta, ana son akwatin ya riƙe kwamfutar na kimanin kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa ba tare da ta mutu ba.

Akwatin da ya kasa cika waɗannan sharuɗɗa ba kullum yake mutuwa nan take ba. Sau da yawa sai dai a ga kwamfuta tana kashe kanta tana tashi, ko ta daskare ana tsakiyar aiki, ko a wayi gari wani rubutu da aka ajiye ya ƙi buɗuwa. Mai ita kuwa sai ya yi ta zargin ƙwayar cuta ko manhaja. Mafi muni shi ne ranar da akwatin zai ƙone ya saki wuta mai yawa cikin sauran sassa, ya tafi da madabod, watau babban farantin da ake dasa kome a kansa, ko kuma ya tafi da faifan ajiya. Ɗalibin da kundin digirinsa yake cikin wannan faifai, bai kuma ajiye kwafe a wani wuri ba, hasararsa ta wuce ta kuɗi.

3.0 Lambar Kwali Da Takardar Jikin Akwati

A jikin kowane akwatin wuta akwai wata takarda da aka manna mai ɗauke da jadawali, inda aka nuna amfiya nawa kowane layi yake iya bayarwa. Wannan takarda ta fi lambar kwali faɗar gaskiya, kuma layin da ya kamata a fara dubawa shi ne na bolt 12.

Dalilin haka yana da tarihi. Kwamfutocin farko sun fi dogara da layin bolt 5. Daga shekarar 2000, lokacin da firosesar Pentium 4 ta fito, aka koma ciyar da firosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga layin bolt 12, kuma katin hoto ma daga nan yake sha. Waɗannan biyun su ne suka fi kowane sashe cin wuta. To, amma akwai akwatunan araha da ake ƙerawa a kan tsohon fasali, inda aka tara ƙarfi a layukan bolt 5 da 3.3 waɗanda ba a buƙatarsu sosai, sa'an nan aka haɗa jimla aka rubuta babbar lamba.

A ɗauka ga akwati biyu a kan kanta. Na farko an rubuta masa wat 500, amma jadawalinsa ya nuna amfiya 18 a layin bolt 12. In aka ninka 12 da 18, wat 216 ke nan, bai kai rabin abin da kwali ya ce ba. Na biyu an rubuta masa wat 450, jadawalinsa kuma ya nuna amfiya 37, watau wat 444. Ga kwamfutar zamani, na biyun ya ninka na farkon ƙarfi, ko da yake lambarsa ce ƙarama. Akwati na gari, abin da layinsa na bolt 12 yake bayarwa yakan kusan kai jimlar lambarsa.

Akwai kuma wasu dabaru biyu da ake kumbura lamba da su. Ta farko ita ce a rubuta ƙarfin da akwatin yake iya kaiwa na ɗan lokaci kaɗan, maimakon wanda yake iya riƙewa yini guda. Ta biyu ita ce a auna shi a ɗaki mai sanyi, misali digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, alhali kuwa ƙarfin akwati yana raguwa in zafi ya ƙaru. Kamfanonin kirki sukan faɗi cewa lambarsu ta aiki ce ba tsayawa, a zafin digiri 40 ko 50. Akwatin da bai ambaci zafin da aka auna shi ba ko kaɗan, abin a yi hattara da shi ne.

4.0 Lissafin Abin Da Ake Buƙata

Mutane da yawa suna zaton kwamfuta tana cin wuta fiye da yadda take ci. Hanyar lissafi mai sauƙi ce: a haɗa abin da firosesa take ci in aiki ya yi tsanani, da na katin hoto in akwai shi, a ƙara kimanin wat 50 zuwa 60 domin madabod da ram da faifan ajiya da fankoki, sa'an nan a bar rara.

Misali na farko shi ne kwamfutar rubutu da bincike, wadda ba ta da katin hoto na daban. Firosesa irin Ryzen 5 5600G an ƙayyade mata wat 65, ko da yake takan ɗan haura haka in an matsa mata. In aka haɗa da sauran sassa, dukan na'urar ba za ta wuce kimanin wat 150 ba. Akwati na gari mai wat 350 zuwa 450 ya ishe ta har da saura mai yawa.

Misali na biyu shi ne kwamfutar da za a yi aikin hoto ko na bidiyo da ita. Firosesar Core i5-12400, wadda ta fito a 2022, tana iya kaiwa wat 117. Katin hoto na RTX 3060, wanda ya fito a 2021, yana cin wat 170. In aka ƙara 60 na sauran sassa, jimla ta kama wat 347. Akwati mai wat 550 ya dace da ita, kuma wannan ita ce lambar da kamfanin Nvidia ya ba da shawara a kai game da wannan kati. Rarar da aka bari tana da amfani, domin katin hoto yakan yi fizgar wuta ta ƙiftawar ido wadda ta fi lambarsa, kuma akwati ya fi aiki cikin natsuwa in yana ɗauke da kimanin rabin ƙarfinsa. Amma fa sayen mai wat 850 domin irin wannan na'ura ɓarnar kuɗi ce. Gara a sa kuɗin a kan inganci.

Wajibi ne kuma a duba bakunan wayoyi. Madabod yana buƙatar baki mai ƙafa 24, firosesa tana buƙatar mai ƙafa 4 ko 8. Katin hoto yana samun wat 75 daga ramin da aka dasa shi, baki mai ƙafa 6 yana ƙara masa 75, mai ƙafa 8 kuwa 150. In akwati ba shi da bakin da kati yake so, wannan alama ce cewa ba a ƙera shi domin wannan nauyi ba. Yin amfani da 'yar mahaɗa a ɗebo wuta daga bakin faifan ajiya kasada ce, domin wancan baki wat 54 kaɗai aka ƙayyade masa a layin bolt 12, kuma yana iya narkewa.

5.0 Alamomin Nagarta

Bayan an san ƙarfin da ake nema, sai a duba waɗannan abubuwa.

(a) Kariya. Akwati na gari yana da na'urorin da ke kashe shi da kansa in wani abu ya ɓaci, kafin ɓarnar ta kai ga sauran sassa. Ana nuna su da haruffa a jikin kwali ko a takardar bayani: OVP in wutar da yake fitarwa ta haura ƙa'ida, UVP in ta yi ƙasa, OCP da OPP in an ɗora masa fiye da ƙarfinsa, SCP in wayoyi sun haɗu, OTP in zafi ya yi yawa. Wannan shi ne babban abin da ya raba akwati na gari da na banza. Kowane akwati yana iya mutuwa wata rana, amma mai kariya yakan mutu shi kaɗai.

(b) Hatimin 80 Plus. An fara wannan shiri a Amurka a 2004. Ma'anarsa ita ce aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da akwati ya sha tana isa ga kwamfuta, ko an ɗora masa kashi 20 na ƙarfinsa, ko 50, ko 100. Sauran kuwa zafi yake zama. Daga baya an ƙara matakai masu sunan Bronze da Silver da Gold da Platinum da Titanium. A ɗauka kwamfuta tana buƙatar wat 300. Akwatin da ke isar da kashi 70 zai ja wat 429 daga bango, 129 su tafi a zafi. Mai isar da kashi 85 zai ja 353, zafinsa 53 kaɗai. Bambancin wat 76 ne, wanda in ana aiki awa 8 kullum ya haura yunit 220 na mita a shekara. Ga mai dogara da janareta ko batirin sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a lura da abu biyu. Hatimin yana auna tsimin wuta ne kawai, ba ya shaidar kariya ko daɗewa. Kuma akan buga shi na jabu, don haka ya kamata a duba sunan akwatin a jerin da masu ba da hatimin suke wallafawa a intanet. Ga mai ƙaramin ƙarfi, matakin Bronze ya wadatar.

(c) Kayan ciki. Sashen da ya fi saurin tsufa a akwatin wuta shi ne kwandansa, 'yar gwangwanin nan mai tara wuta da tace ta. A cikinta akwai wani ruwa da ke bushewa a hankali, kuma masana lantarki suna ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwarta da rabi. Wadda aka ƙera domin jure digiri 105 ta fi ta digiri 85 daɗewa. Kamfanonin Japan irin su Nippon Chemi-Con da Rubycon da Nichicon sun yi suna a wannan fanni, shi ya sa ake tallar wasu akwatuna da cewa kwandansarsu ta Japan ce. Har ila yau, akwatin da aka rubuta masa DC-DC ya fi daidaita wuta, domin yana samar da bolt 5 da 3.3 daga layin bolt 12, kowanne da mai kula da shi, maimakon tsohon fasali inda nauyin wani layi yake karkatar da ɗan'uwansa.

(d) Maƙeri da garanti. Ba kowane suna da ke jikin akwati ne na wanda ya ƙera shi ba. Masana'antu ƙalilan ne, irin su Seasonic da FSP da Delta da Channel Well da Great Wall, suke ƙera wa kamfanoni da dama, su kuma su sa sunansu. Saboda haka kamfani ɗaya yana iya sayar da samfuri mai kyau da kuma maras kyau. Abin bincike shi ne samfurin da kansa, a nemi rahoton waɗanda suka gwada shi da na'urorin awo. Tsawon garanti ma yana nuna yadda kamfani ya yarda da kayansa. Masu sauƙin kuɗi na kirki sukan zo da shekara 3 zuwa 5, manyan kuwa 7 zuwa 10. Amma tun da mayar da kaya ƙasar waje ba abu ne mai sauƙi ba, ya kamata a tambayi mai kanti garantin da shi kansa zai bayar, a kuma rubuta shi a rasit.

(e) Nauyi. Akwatin da aka ɗaga aka ji shi sakayau kamar fanko, mai siraran wayoyi, alama ce an rage ƙarfen shan zafi da tagulla a cikinsa. Nauyi kaɗai ba ya tabbatar da nagarta, amma rashinsa yakan tona asiri.

6.0 Yanayin Ƙasa

Yawancin waɗannan akwatuna an tsara su ne da tunanin ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya. A ƙasar Hausa kuwa abubuwa uku suna ƙara musu wahala.

Na farko shi ne hawa da saukar wuta. Akan kawo wuta ba ta cika ba, ko a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi, ga kuma sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Akwatin da aka rubuta masa 100–240V, wanda galibi yake ɗauke da alamar Active PFC, yana ci gaba da aiki ko da wuta ta faɗi ƙasa sosai. Wanda aka rubuta masa 200–240V kuwa yana iya mutuwa ko ya wahala da zarar ta yi ƙasa da 200. Duk da haka babu akwatin da zai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta gaba ɗaya. Wannan aikin na'urar UPS ne, mai batir a ciki, wadda ke ba mutum 'yan mintoci ya ajiye aikinsa ya kashe na'ura. A nan ma akwai abin lura: wasu akwatuna masu Active PFC ba sa jituwa da UPS ko inbata mai fitar da wuta mai tsalle-tsalle, sun fi son mai fitar da wuta sumul irin ta gari. Yana da kyau a gwada su tare kafin a biya. Haka kuma ƙafa ta uku ta fulogi, watau ta ƙasa, ba ado ba ce. In soket ba shi da wayar ƙasa, jikin kwamfuta yana iya riƙa jan mutum, kuma na'urar kare tsawa ba za ta yi cikakken aikinta ba.

Na biyu shi ne zafi. A bazara, wajen watan Afrilu, zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, cikin kwamfuta kuma ya fi ɗaki zafi. Akwatin da aka auna a digiri 25 ba zai ba da abin da ya yi alkawari ba a irin wannan lokaci, kwandansarsa kuma za ta tsufa da wuri.

Na uku shi ne ƙurar hunturu, wadda ke toshe fanka ta rufe ƙarfen shan zafi. Maganinta shi ne a ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a bar sarari a bayanta, a riƙa hure ƙurar daga waje lokaci lokaci bayan an cire fulogi.

7.0 Sabo Da Na Hannu

Kasuwannin kayan kwamfuta, irin su Computer Village ta Ikeja a Legas, suna cike da kayan da aka yi amfani da su a Turai da Amurka. Akwatin da aka ciro daga kwamfutar ofis ta babban kamfani sau da yawa ƙirar kirki ce, har yakan fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma yana da nasa matsaloli. Ba a san shekarun da ya yi yana aiki ba. Ƙarfinsa yakan zama kaɗan, kuma galibi ba shi da bakin katin hoto. Bugu da ƙari, yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP na shekarun baya-bayan nan suna da bakin waya nasu na kansu, wanda ba ya shiga madabod na tsarin ATX.

Tsofaffin akwatuna kuma suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wanda ya fito daga Amurka yana iya zuwa a kan 115, in kuwa aka sa shi a wutar Nijeriya a haka, nan take zai ƙone. Haka nan akwatunan da ake cire wa wayoyi a mayar, ba a musanya wayar wani da ta wani ko da bakin ya shiga, domin jerin ƙafafun yakan bambanta daga samfuri zuwa samfuri.

Mai gyara yana iya tayar da akwati ba tare da kwamfuta ba, ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa, sa'an nan ya auna da mita: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3. Wannan gwaji yana nuna akwatin yana da rai ne kawai. Gwajin da ya fi shi ne a ɗaura shi a kwamfuta, a sa ta aiki mai nauyi na ɗan lokaci, a saurari fanka, a kuma lura ko akwai ƙauri. Buɗe akwatin kuwa ba aikin wanda bai ƙware ba ne, domin babbar kwandansar ciki tana iya riƙe wuta ta kusan bolt 400 bayan an cire fulogi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda akwatin wuta yake ciyar da kowane sashe na kwamfuta, da yadda lambar kwali take iya yaudarar mai saye. An kuma ga cewa abin dogara shi ne ƙarfin layin bolt 12, da zafin da aka auna akwatin a kai, da kariyar da ke cikinsa, da garantin da aka rubuta. Ga yawancin kwamfutocin masu ƙaramin ƙarfi, akwati na gari mai wat 450 zuwa 550 ya wadatar.

In tilas ne a rage kashe kuɗi, akwai wuraren da ragin ba ya cutarwa. Ana iya sayen gidan kwamfuta maras ado, a haƙura da fitilu masu launi, a fara da ram kaɗan a ƙara daga baya. Duk waɗannan ana gyara su in hali ya samu. Akwatin wuta kuwa in ya ci amana, sau da yawa ba ya barin abin da za a gyara, in kuma na gari ne yakan wuce kwamfutar farko ya yi wa ta biyu aiki. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma rigakafi ya fi magani.